Mayafin Gogo na Fenti Ne

Litinin, 6 ga Maris

A ƙungiyarmu mun fara karɓar tsofaffin hotunan unguwarmu, KwaMashu, a zauren coci, don baje kolin ƙarshen wata. Na ciro hoton auren Gogo, kakata, daga bango na kai. Ita cikin farin mayafi, marigayi Mkhulu, kakana, cikin kwat. Har da ɗaga kai na shiga.

Laraba, 8 ga Maris

Sisi Hlengiwe, shugabarmu, ta kara shi a hasken taga ta ce, "Nokwanda, kawunan ne kaɗai hoto. Daga takardun fas ɗinsu na zamanin wariyar launin fata aka ɗauko. Mayafin da kwat ɗin duk fenti ne." Na ce ba dai na gidanmu ba. Sai ta nuna mini wuyan Mkhulu. Wai tun ina rarrafe nake kallon wuyan nan ban ga a karkace yake ba.

Alhamis, 9 ga Maris

To an yi bikin ko ba a yi ba?

Lahadi, 12 ga Maris

Na tambayi Gogo tana tuƙa putu, tuwon masara. Ko juyowa ba ta yi ba. "An kai shanun sadaki gidanmu, me kuma kike nema? Kakanki yana ramin zinariya a birnin Goli, Kirsimeti kawai nake ganinsa. Yaushe za mu tsaya gaban mai hoto?" Mai zanen gida-gida yake bi, ita ta zaɓi mayafin. Mkhulu bai taɓa sa kwat ba har ya mutu.

Ban san haushin wa nake ji ba.

Alhamis, 16 ga Maris

Sisi Hlengiwe na so a rubuta gaskiya a ƙarƙashinsa. Tarihi ne, in ji ta. Amma duk matan cocin Gogo za su zo, kuma ni ce zan tsinka ta a gabansu. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. In na janye hoton ma za a tambayi dalili. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 25 ga Maris

Na rubuta gaskiyar. MaDlamini, aminiyar Gogo, ta karanta da ƙarfi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta dubi Gogo ta kwashe da dariya: "MaZondi, ashe mayafi ɗaya ya sa mana! Ni har kunne ya ƙara wa nawa mijin." Duk sun sani. Tun fil'azal. Ni kaɗai nake ta ɓoye abin da ba a ɓoye yake ba.

Gogo ta daɗe a gaban hoton. Ta ce a hankali, "Nan ne kaɗai muka zauna tare shekara ta zagayo."

Talata, 28 ga Maris

Na tambayi Sisi Hlengiwe ko akwai sauran masu irin zanen nan da rai. Ba ni da hoto ko ɗaya tare da Mama, ina jaririya ta rasu. Ina da na katin shaidarta dai.

Tambaya kawai na yi.