Babana Yana Son Kayan da Za Su Ɓatar da Shi a Daji

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni. Wannan ce takarda ta uku da na fara rubuta miki. Biyun farko na yayyaga su, domin in na karanta sai in ga kamar ƙarar mahaifina nake kawowa. Tambayata a kan tufafi ce, amma ki yi haƙuri, sai na ɗan yi nisa kafin in iso kanta. Na canza sunayen mutane, kin san yadda garinmu yake.

Babana shekararsa saba'in da huɗu. Tun kafin a haife ni yake farautar barewa da baka a tuddan da ke gabas da garin Glen Innes. Bai taɓa son bindiga ba. Yakan ce mai bindiga daga nesa yake gaisawa da barewa, shi kuwa sai ya ji numfashinta. Ni da yayana Royce mun tashi muna ganin kayan farautarsa masu dabbare-dabbare, na sajewa da daji, a rataye a rumfar bayan gida. Ba a shigo da su ciki don kada su ɗauki ƙanshin girki, ba a kuma wanke su da sabulun da muke wanki. Mahaifiyarmu Noelene, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa haɗa su da zannuwan gado a injin wanki, ya kwana biyu ba ya yi mata magana.

Bayan rasuwarta da kamar shekara biyu ya fara mantuwa. Da farko makullai ne da sunayen maƙwabta. Daga baya ya bar tukunya a kan wuta ya tafi kasuwa. Likita ya tabbatar mana ciwon mantuwa ne, kuma ba baya zai yi ba. Na bar aikina a Newcastle na dawo gida. Royce yana Brisbane da iyalinsa, ta waya muke ganinsa.

A watan Mayun bara abin ya faru. Baba ya fita da asuba da a-kori-kurarsa zuwa gonar abokinsa Merv, inda ya fi shekara arba'in yana farauta. Al'adarsa ƙarfe goma ya dawo gidan Merv su sha shayi, su yi wa juna ƙarya a kan girman ƙahon da suka gani. Sha biyu ta yi bai dawo ba, Merv ya kira ni. Motar tana bakin shinge inda ya saba ajiye ta. Muka taru mu goma sha huɗu, da maƙwabta da masu aikin ceto na sa-kai, muka jeru muna ratsa kwazazzabai muna kiran sunansa. Sai wajen ƙarfe huɗu karyar Merv ta tsaya tana kaɗa wutsiya a gindin wani dutse. Yana zaune a nan, ya jingina, bakansa a kan cinya, ya rufe fuska da ƙyallen nan nasa mai ruwan toka. Tsakaninsa da shinge bai fi taku ɗari uku ba. Sawunmu ya nuna sau biyu muka wuce ta gabansa. Ɗaya daga cikin sawun nawa ne, Anti. Na wuce mahaifina da taku goma ina kuka ina kiransa, ban gan shi ba.

Na durƙusa na ce, “Baba, ba ka ji muna kiranka ba?”

Ya ce, “Na ji mana. Duk kun kore min barewa da ihunku.” Sai ya dube ni ya ce, “Noelene, ina muka ajiye motar ne?”

Leɓensa ya tsattsage, gorar ruwansa kuma a cike, ya manta da ita. Ya kwana biyu a asibiti. Abin da ya fi ƙona min rai, yanzu labarin ya zame masa abin alfahari. Duk Juma'a in na kai shi wurin abokansa sai ya ce, “Mutum goma sha huɗu! Ba don karya ba da har yau suna nema.” Su yi ta dariya, ni kuma in fita in zauna a mota.

Ga laifina na farko. Yana asibiti na kwashe kayan nan duka, riguna da wanduna da hula da ƙyallen fuska, na kai juji. Da ya tambaya na ce ɓeraye ne suka cinye. Na zaci zai manta. Mutumin da kan tambaye ni sau uku ko mun karya kumallo, wannan bai manta ba. Tun da aka shiga sabuwar shekara yake cewa Afrilu ta kusa, mazan barewa za su fara gurnani, shi kuwa ba shi da abin sawa.

Da ya dame ni, na kai shi shagon kayan farauta a Armidale, da niyyar ya gani ya gaji mu dawo. Anti, da kin gan shi. Yana shiga ya miƙe kamar an cire masa shekara ashirin. Mai shagon ya miƙo masa wata riga kore shar mai zanen ganye, ya ture ta ya ce, “Wannan ta dajin wasu ce. A namu, daga taku ashirin baƙin dunƙule za ka zama. Dubi dutsenmu, dubi ɓawon itacen turare, ai toka ne da ƙasa-ƙasa.” Ya riƙa ɗaukar yadi yana murzawa a bakin kunnensa don ya ji ko yana ƙara. Ya ja zare da farce ya ce ƙaya za ta kama wannan. Mai shagon ya ce, “Dattijo, ko dai za ka zo ka riƙe min shagon ne?” Baba ya ce, “Ba za ka iya biyana ba.” Rabona da in ji shi ya haɗa magana mai tsawo haka ba tare da ya ɓace a tsakiya ba, an fi shekara.

Ya zaɓi riga da wando masu ruwan toka da ratsin ƙasa-ƙasa. Ya sa ya tsaya jikin bangon da aka manna hoton daji, sai na ga ko a cikin shago ya fara ɓace min. Na ɗauko falmaran mai ruwan lemo, irin mai ɗaukar ido, na ce ya gwada. Ya kalle ta ya ce, “Kin ga na yi kama da mai gyaran titi?” Ya mayar da ita da yatsu biyu.

Laifina na biyu: na ja mai shagon gefe na roƙe shi ya ce wandon ya yi gajere, sai an aiko da wani. Ya yi min haka. Yau sati biyar ke nan, kullum da safe Baba sai ya ce, “Kayan sun iso?” In ce tukuna.

Royce ya ce in daina wahalar da kaina, in kulle bakan, in karɓe makullin mota, magana ta ƙare. Na gwada taɓo zancen wata rana muna cin abinci. Baba bai yi faɗa ba. Ya ajiye cokali ya ce, “In dai ba zan sake shiga daji ba, ki kai ni gidan tsofaffi tun yau, ke ma ki huta.” Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci.

Shekaranjiya na same shi a rumfa da tsohon kwat ɗin Mama mai ruwan ƙasa. Ya yanka buhu siri-siri yana ɗinkawa a kai, yana haɗa wa kansa rigar ɓuya a daji. Wato ko na saya ko ban saya ba, zai tafi. Saura sati uku Afrilu ta kama.

Anti, na san ke ma kin yi farauta. In na saya masa abin da ya zaɓa, da hannuna na saya masa abin da zai hana a gan shi. In na tilasta masa mai ruwan lemo, zai cire ya rataye a shinge da zarar na juya baya, na san halinsa. In na hana shi fita, ina jin tsoron zai mutu a zaune a kujera yana kallona. Ko barci ba na iya yi sosai. Wanne zan saya? Ko kuwa ni ce na rasa hankali da har nake tambaya?

Ɗiyar Maharbi, daga kan tudu

*

Ɗiyar Maharbi,

Ba ki rasa hankali ba, gajiya ce, kuma ke kaɗai kike ɗauke da kayan mutum biyu. Bari mu fara da tufafin, shi ne mai sauƙi.

Mahaifinki ya yi gaskiya a kan launin dajinmu da kuma yadi mara ƙara. Inda ya yi kuskure, ko girman kai ya hana shi yarda, shi ne ruwan lemo. Idon barewa ba irin namu ba ne. Abin da ke ɗaukar mana ido daga wancan tudu, ita dishi-dishi take ganinsa, kusan kamar busasshiyar ciyawa. Abin da ke tona maharbi motsi ne, da iskar da ta kai mata warinsa, da farar fuska, da shuɗin yadi. Na harbi barewa daga taku goma sha takwas da hula mai ruwan lemo a kaina. A dazukan gwamnati na jiharmu ma dole ne maharbi ya sa ta, kuma ba a daina kawo nama gida ba. Akwai falmaran da hula masu ruwan lemo da aka yi musu zanen rassa baƙaƙe. Su za ki nema, ba mai sulɓi irin ta ma'aikatan hanya ba.

Saboda haka ki koma shagon ki karɓo abin da ya zaɓa. Ki ƙara falmaran da hula, kashi uku: nasa, naki, da na Merv. Ki je ki zauna da Merv, ki roƙe shi ya mai da ita dokar gonarsa, duk wanda zai ƙetare shinge sai da ita, har shi mai gonar. Abin da tsoho ba zai karɓa daga 'yarsa ba, yakan karɓa daga abokinsa yana gunaguni.

Amma kada in yaudare ki. Ba rigar ce kaɗai ta ɓatar da shi bara ba. Ya ji kiranku ya ƙi amsawa, ya manta da ruwa, ya manta inda motar take. Babu launin da zai gyara wannan. A nan Royce yana da gaskiya: fitarsa shi kaɗai ta ƙare, kuma tuƙi ma ina zaton ya ƙare. Ki koma wurin likitansa a wannan satin, ki faɗa masa komai, har da maganar gidan tsofaffi da ya yi a kan abinci, kada ki rage. Ki tambaye shi kai tsaye a kan mota da kuma kibiya mai kaifi. In za a karɓe makulli, ya fito daga bakin likita, ke ki zama mai kai Baban inda zai je. Ki samo ƙaramar na'urar nuna wuri, wadda ke aiki ko babu layin waya, ki ɗinke ta cikin aljihun wandon da ya zaɓa da kansa. Falmaran zai iya cirewa.

Inda Royce ya kauce shi ne zaton cewa kulle baka ya kashe magana. Mutumin da kika gani a shagon yana nan da ransa, kuma daji ne ke fito da shi. In likita bai hana ba, ki tashi da asuba ki bi shi. Shi ya riƙe baka, ke ki rataya kwari, kibiya ba ta barin hannunki sai kin ga abin da zai harba da abin da ke bayan abin. Awa biyu, kusa da shinge, da ruwa da shayi, Merv ya san inda kuke. Ki ce masa koyo kika zo yi. Ba ƙarya ba ce, zai koya miki.

Batun juji da ɓeraye, ki yafe wa kanki. Tsoro ne ya sa. Ba sai kin zaunar da shi kin warware masa ba, amma kada ki ƙara wata a kai, domin ke ce ke kwana da su, ba shi ba. Shi kuwa yayanki, ki ce masa shawara ta waya ta isa, ya ɗauki hutun sati guda a Afrilu ya zo ya yi nasa asubancin, ke ki yi barci.

Wataƙila farautar bana ce ta ƙarshe, wataƙila da saura ɗaya. Wata safiya za ki dube shi ki san an zo ƙarshen farautarsa, kuma ke ce za ki faɗa. Ba ni da dabarar da za ta sauƙaƙa miki wannan ranar. Abin da na sani shi ne ba ta zo ba tukuna, kuma zai fi miki sauƙin faɗa in kin zauna a gefensa a wannan kakar.

Allah ya ba ki ƙarfi, ya sassauta wa mahaifinki, ya kai ku lafiya ya dawo da ku tare.

Anti Glenys