Bakin Paulina

Kafanchan, 3 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga ƙawata Folina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na Gwantu. Ruƙayyatu ce, 'yar Alhaji Hussaini mai goro, ta ajinku a makarantar kwana, sarauniyar kwaikwayon mutane. Wa zai manta da mai surutu?

Bayan haka, wani gidan rediyo a Kaduna ya kira ni gwajin murya ƙarshen Afrilu. Hausa kam ba ni da haufi, Turanci ne ya tsaya mini a wuya. Ni P da F duk ɗaya ne a bakina, B da V kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Baba ya ce in na faɗi, sai zaman shago ina yayyafa wa goro ruwa. Duk ajinmu ba wadda ta kama ƙafarki a Turanci. Don Allah ki rubuto mini yadda ake sarrafa baki.

Taki har kullum,
Ruƙayyatu

*

Gwantu, 9 ga Fabrairu

Yaya Kumai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya gona, yaya Mama?

Ka san wadda ta rubuto mini? Yarinyar nan ta ranar ba da kyaututtuka. Ka tuna an kira Baba ya buɗe taro da addu'a, a matsayinsa na mai bishara. Da aka zo wasan kwaikwayo sai ta fito da tafiyarsa, da tarinsa, da muryarsa sak, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ta albarkace ku!" Ɗakin taro ya ɗauka da dariya. Baba ma ya yi dariya. Daga ranar bai ƙara hawa bagade ya yi wa'azi da Hausa ba har muka binne shi.

Yau ga ta tana kira na ƙawa, ko sunana ba ta iya faɗa ba. Kuma aikin da take nema shi ne wanda na nema bara, suka ce Turancina ya yi, Hausata ce ba ta nuna ba.

To, ta kawo kanta har gida. P leɓe biyu ake haɗawa, F kuma haƙori ake ɗorawa kan leɓe, haka B da V. Ni zan juya mata su, ta yi ta haddace kuskure har ya zauna mata a baki. Ina so ta buɗe baki a Kaduna a yi mata irin dariyar da aka yi wa Baba. Kada ka yi mini wa'azi, raina a ɓace yake kuma ina jin daɗinsa haka.

Ƙanwarka,
Paulina

*

Gwantu, 10 ga Fabrairu

Ƙawata Ruƙayyatu,

Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Manta ki? Ai ko kwana ɗaya ban yi ba.

Samo madubi. In za ki ce P, ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, ki hura iska a hankali. In F ce, rufe leɓe biyu, ki sake su da ƙarfi. B da haƙori, V da leɓe. Ki yi safe da yamma, kada ki tambayi kowa, za su rikita ki ne kawai.

Allah ya ba ki daidai abin da ya dace da ke.

Paulina

*

Fadan Kagoma, 22 ga Fabrairu

Paulina,

Muna lafiya, Mama yana gaishe ki. Muna gyaran gonan citta kafin ruwa.

Kin ce kar na yi wa'azi. To ba wa'azi ba, amma ramuwa na Ubangiji ne, kin san wannan tun muna Sande Sukul a coci. Ni ma abin Baba yana ci na har yau. Sai dai ki tuna, yarinyan nan sau ɗaya ya ji Baba ya yi addu'a, ya kwashe shi duka. Irin wannan mutum ba da takarda yake koyo ba.

Ban gaya wa Mama ba. Ki zo gida bikin Ista.

Yayanki,
Kumai

*

Kaduna, 6 ga Mayu

Zuwa ga Paulina,

Kin ga yadda na rubuta sunan? Yanzu haka nake faɗarsa. Gaisuwa da godiya marar iyaka. Albishirinki, sun ɗauke ni!

Gaskiya madubin nan ya wahalar da ni. Na yi ta yi har leɓena ya tsage, Iya ta ce aljanu ne. Da na ji abin bai zauna ba, shi ne na biyo motar goro ranar kasuwar Gwantu, na zauna a bayan ajinki. Na ga ranki bai so ba, kika ce in jira a gida, na ƙi. Kika riƙe guntun takarda a gaban baki, kika nuna wa yara yadda P ke kaɗa ta, F kuma ta bar ta tana lilo kaɗan. Idona na kan leɓenki. Abin da bakinki ke yi daban, abin da hannunki ya rubuto mini daban. Yara dai ba ki yi musu ƙarya ba, sai na bi bakin.

Kin san halina. Ranar gwaji na shiga, na gyara tsayuwa irin taki, na zama ke, har ɗan jan numfashin nan da kike yi kafin dogon suna. Shugaban ya ce, "Wa ya koya miki Turanci haka?" Na ce wata ƙawata.

Ban san abin da na yi miki ba. In akwai, ki faɗa mini. Ina karanta sanarwa ƙarfe biyar na yamma, ki saurara.

Taki,
Ruƙayyatu

*

Gwantu, 30 ga Mayu

Yaya Kumai,

Gaisuwa. Na ce maka ka zo ka ɗauki rediyona don kada in ji muryar yarinyar nan, to na fasa. Ka aiko mini da batir daga Kafanchan.

Ba ta ma san abin da ta yi ba, kuma ba zan faɗa mata ba. Kullum ƙarfe biyar ina zaune da biro, ranar da harshenta ya zame zan rubuta wa shugabansu.

Har yau ba ta zame ba. Ina za ta zame, bakina ne.

Ƙanwarka,
Paulina