Inna, Ba a Sare Mangwarorinki Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in sanar da ke cewa na yi rashin kunya a gidanmu na Ba'awa, kuma har yanzu nadamar ba ta zo ba.

Jiya, bayan an watse daga sadakar arba'in ɗinki, yayanki Kawu Sale ya tara mu a ɗakinki. Ya ce maƙabartar gari tana ƙarancin itacen da ake jerawa a kan mamaci kafin a tura ƙasa, don haka a sare mangwarorinki bakwai na bayan gari a kai can, ladan ya riske ki. Yaya Habu ya gyaɗa kai. Kowa ya ce madalla. Ashe har an yi magana da mai injin yanka.

Na daɗe da lura, Inna, mutanenmu suna da matuƙar kirki ga gawa. Wata takwas kika yi a kwance, masu dubiya ba su taɓa cika tabarma ɗaya ba. Ranar da kika cika, sai da aka aro tabarmin masallaci. Waɗanda suka zo dubiyar ma ba wanda ya lallashe ki ki sha kunu. Sai dai su ce miki duniya ba matabbata ba ce, kamar an ji kin ce matabbata ce.

Ina tuna shekarar da kika dasa mangwarorin nan. Kin haura sittin. Kwana biyu da fitarki takabar Baba kika hau mota zuwa Bagauda, kika dawo da dashe cikin kwando. A lokacin sa'o'inki duk sun sayi likkafani sun ninke a adaka. Suka ce tsohuwa kamarki carbi ya kamata ta riƙe ta jira lokaci. Kika ce, "Carbi hannu ɗaya yake ci, ɗayan na bokiti ne."

Rani uku kina kai musu ruwa, kina faɗa da awakin unguwa ɗaya bayan ɗaya.

To, na ce ba za a sare ba. Kawu ya ce boko ya cire mini tsoron mutuwa. Ni, Inna, da na yi miki wanka da hannuna. Na san nauyin hannun da rai ya bari, kuma ba a jami'a na koyo shi ba. Ina tsoron mutuwa kamar kowa. Abin da na ƙi shi ne a riƙa yi mata hidima da abin da yake numfashi.

Na ce idan an zo rabon gado a cire sunana daga fadamarki gaba ɗaya, a bar mini tsandaurin da bishiyoyin suke. Yaya Habu ya amince kafin in rufe baki. Maƙabarta kuwa, na tuna wa Kawu busasshiyar darbejiyar nan ta ƙofar gidansa, wadda ta shekara uku tana neman faɗa wa masu wucewa. Bai yi mini godiya ba.

Da safen nan na je na gan su. Duk sun yi fure, har da ƙaramar ta gefen hanya wadda kike cewa ta ɗauko taurin kaina. Matan rugar nan masu tallan nono sun sauke ƙoransu a inuwarta. Ɗayarsu ta tambaye ni ina tsohuwar da take tsinko musu nunannu. Kwana arba'in ana leƙen fuskata a zaman makoki ana jiran hawaye, ban ba kowa ba. A nan suka zubo, ita kuma ta matsa mini wuri na zauna.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Ya yalwata makwancinki, Ya rubuta miki ladan kowane bakin da ya sha da kowane gajiyayye da ya huta.

Yau ba wanda ya amsa gaisuwata a gidan, ba kuma mai raka ni. Na share ɗakinki, na ja ƙofar na rufe. Zan kama hanyar Kwanar Dangora tun rana ba ta yi zafi ba.

Taki har kullum,
Autarki Rabi