Sun Ce Ban Tambaya da Suna Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kamfanin Guzurin Ilimi, Babban Ofis, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da shan ruwa da barka da Sallah, kai da iyali da dukan ma'aikata. Allah Ya karɓi ibada.

Ni ce Hadiza ta Gwandu, matar marigayi Malam Isa, wadda ake kira Innar Ɗalibai a ofishinku na Kalgo. Ban yi boko ba, allo na yi. Da ajami na rubuta wagga takarda, ina karantawa ƙanwata mai koyarwa a firamare tana juya ta zuwa boko, na sa ta karanta mini sau biyu don kada a ƙara ko a rage. Na so mu yi maganar nan a zaure kamar yadda muka saba. Na je Sakkwato aka ce kana Masar. Na sake zuwa aka ce in cika takardar neman ganinka, in jira kira. Kiran bai zo ba, lokaci kuma yana ƙurewa, shi ya sa na kai ta jarida. Ba don in tozarta ka ba ne, Allah Ya sani.

Na farko, ranka ya daɗe, bari in tuna maka mafari, don masu karatu su san irin gidan da nake magana a kansa.

Shekarar da aka yi canjin kuɗi ka dawo daga karatu a Sudan, ka kama shago ɗaya kusa da tashar Kalgo. Tebur ɗaya ne da benci da tabarmar salla. Niyyarka ita ce ɗiyan manoma da masunta da makiyaya su ma su je Sudan da Masar su yi karatu, kai ka nema musu makaranta da fasfo da biza da tikiti, ka raka su. Iyaye maza sun yarda da kai. Amma ka ga uba yakan amsa a zaure, kwana biyu sai ya dawo ya ce an fasa, domin uwa ba ta saki ba. Kai kuwa ba ka shiga cikin gida. Shi ne ka zo wurin Malam, abokin karatunka, ka roƙi ya bar ni in riƙa shiga wurin mata. Haka na fara.

A lokacin mu huɗu ne: kai, da magatakarda, da Garba direba, da ni. Da azahar daga gidanka ake kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ku maza ku ci a kwano ɗaya, a zuba mini nawa a bayan labule. Ka sa mana doka cewa duk yaron da muka ɗauka sai kowa ya san sunansa da na uwarsa da na ƙauyensu da ka. Da yake iyaye mata ba su karanta wasiƙa, kai ka ƙirƙiro maganar kaset. Yara su yi magana a can, a kawo, ni in ɗauki rikoda da batir in bi Maruda da Dangoma da Wurogauri in kunna wa mata a tsakar gida, sannan in ɗauko tasu muryar a kai wa yaran. Na ga macen da ta bar daka ta zauna a bakin turmi, ta sa na maimaita mata tarin ɗanta kawai, tana so ta ji ko na mura ne.

A shekara ta uku wani yaro ɗan Dangoma ya rasu a can. Ranar da waya ta iso, kafin ka sha ruwa ka sa Garba ya tada mota. Ka zauna da uban a zaure, ni na shiga wurin uwar. Ka yi zaman makoki tare da su har aka yi addu'ar uku. Da ka koma Sudan ka nemo wanda ya yi wa yaron wanka, ya yi magana a kaset, ya faɗi maƙabartar da aka kai shi da wanda ya sallace shi. A hanyar dawowa daga Dangoma ka gaya mana cewa wanda ya karɓi yaro daga hannun uwarsa, shi zai koma ya tsaya gabanta, da alheri ko da akasinsa. Ban rubuta ba, amma na riƙe. Saboda wannan zaman makoki mutanen Dangoma suka ƙara ba mu yara a kakar da ta biyo. Sun ga abin da za a yi musu in ƙaddara ta faɗo.

Na biyu, yadda gidan ya girma.

Allah Ya buɗa. Aka buɗe ofis a Birnin Kebbi bayan an ba mu jiha, sannan Sakkwato da Kano, har da Hartum da Alƙahira. Na yi murna, har yanzu ban yi baƙin cikin arzikinka ba. Ka koma Sakkwato, ka aiko mana manaja. Kwano ɗaya ya tashi, kowa ya koma cin nasa a teburinsa. Aka kafa allo a bango, aka rubuta sunan kowane ma'aikaci da adadin yaran da ake so ya kawo kafin kaka ta wuce, domin da kaka manomi ke sayar da shinkafa da gero ya iya biya. Wanda ya fi kawowa a ba shi rediyo ko keke. Yara suka koma ana kiransu kujera: kujera nawa ta rage, kujera nawa aka cike. In na ambaci yaro da sunan uwarsa sai a ce in faɗi lambar fayil. Ban yi gardama ba. Na ce kowane zamani da irin tafiyarsa.

A cikin wannan lokaci ne, bayan rasuwar Malam, ka ba ɗan gidanmu gurbi ya tafi Sudan. Alheri ne ka yi, ban manta ba. Shi ne ɗana na fari, kuma shi kaɗai ne namiji.

Ka san al'adarmu, amma zan faɗa saboda masu karatu na nesa. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka haife shi sunansa bai fito daga bakina ba. Wancan yaron nake cewa, ko ɗan gidanmu. In kaset ya zo daga Sudan ba na neman nasa a gaban ma'aikata. In an yi waya da Hartum, iyakata in ce, yaran can suna lafiya? A ce lafiya lau. A cikin wannan tambaya nake ɓoye tawa, kuma babu wanda bai sani ba a ofishin nan. Ko kaset ɗin da nake aika masa, yaran duka nake yi wa magana: ku riƙe salla, ku rufe jiki da asuba, kada ku ci bashi. Shi ya san da wa nake.

Tun da ya tafi kuma aikina ya yi sauƙi. In uwa ta tsaya tana jan ƙafa, sai in ce ɗan gidanmu ma yana can. Magana ta ƙare. Manaja da kansa ya sha cewa a taro wannan kalma tawa ta fi duk takardun talla da ake bugawa.

Na uku, abin da ya faru.

Farkon kakar da ta wuce zazzaɓi ya kama shi, ya kwanta, Allah Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ce wani ya kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare, da yana Gwandu ma da ya tafi. Ofishin Hartum ya bugo waya Kalgo a ranar. Manaja ya tara ma'aikata ba da ni ba, aka yanke cewa kada a gaya mini sai an rufe ɗaukar yara. Ba a gaya wa baffansa da ke Maruda ba. Ba a gaya wa kowa ba.

Kusan wata biyu ina zuwa aiki. Ina gaida su suna amsawa. Ina cewa yaran can suna lafiya, ana ce mini lafiya lau. Na ɗauki kaset sau biyu na miƙa, magatakarda ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun tebur. Uku ta wuce, bakwai ta wuce, arba'in ta wuce, ba a yi masa sadakar ko ƙwayar gero ba a gidan ubansa. Ni kuwa ina shiga gidajen mutane ina cewa ɗan gidanmu yana can, yana lafiya.

Gida na ƙarshe shi ne na Goggo Dije a Wurogauri. Jikanta Sambo maraya ne, ita ta raine shi, shekara biyu tana hana shi tafiya. Ran nan ta kama hannuna ta ce in dubi Allah in gaya mata, nawa da ke can yana ci yana sha? Na ce yana ci yana sha. Ta ce to ta ba ni Sambo, ba kamfani ta ba wa ba, ni ta ba wa.

A hanyar dawowa Garba ya tsayar da mota gindin wata tsamiya kafin Kalgo. Ya fita, ya zagayo ta gefena, ya durƙusa a ƙasa. Dattijo ne yanzu, da furfura. Ya ce shi ba zai iya ƙara kai ni wani gida ba, sannan ya faɗa mini. Na ji abin da ya ce. Na dubi rana na ce masa ya tashi mu tafi, la'asar tana wucewa. Har yau abin da na sani ke nan. Ina cin abinci, ina salla, na yi azumi duka. Mata sun zo gaisuwa suna kuka ina ba su haƙuri. Suna yaba mini dauriya. Ba dauriya ba ce, Alhaji. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ce, ana taɓawa ba ka ji.

Washegari na je wurin manaja. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi. Ya ce an yi haka ne don a tausaya mini, kuma don kada aikin shekara ya lalace a hana yara da yawa karatu. Sannan ya ce in duba da kyau, babu wanda ya yi mini ƙarya a ofishin nan, domin ban taɓa tambayarsu shi da suna ba, yara na tambaya, yara kuwa suna lafiya.

Na yi ta juya maganar nan cikin azumi. Manaja ɗan Birnin Kebbi ne, ba baƙo ba. Shi ma ɗan fari ne, da bakinsa ya taɓa gaya mana mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya san abin da tambayata take nufi. Kunyar da iyayenmu suka koya mana ita aka mai da ƙofa aka bi ta ciki. Ban ce ka san da shawarar ba, domin ban gani ba, ba kuma zan ɗora maka abin da ban tabbatar ba. Amma alamarka ce a kan ƙofar, kuma kai ka zo zauren Malam ka roƙo ni.

Na huɗu, abin da nake roƙo. Ba diyya ba ce. Buhun shinkafar ta'aziyya da aka aiko daga ofis na sa an mayar, tare da rikodar kamfani.

Yaran da aka ɗauka a kakar nan an ce za su tashi bayan babbar Sallah. Ina roƙonka kafin nan ka zo da kanka, ka bi Wurogauri da Maruda da Dangoma, ka zauna a zaurukan da na shiga cikin wata biyun nan. Ni na riga na koma na gaya wa matan, amma labari ya riga ni, wasu suna ganin na sani na ɓoye don a ba ni keke ko rediyo. Goggo Dije ta saurare ni har na gama, ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Ka gaya musu ban sani ba. Wanda ya ce ya fasa a sakar masa ɗansa ba tare da wahala ba, wanda ya ce a tafi, ya zama da saninsa ya ce. Ba na so Sambo ya hau jirgi a kan maganar da na faɗa ranar da nawa yake cikin ƙasa.

Ina roƙon a mayar mini da kaset biyun da ke aljihun teburin magatakarda, kada kowa ya kunna su.

Ina roƙon ka mai da dokar da ka kafa a hanyar Dangoma, ka sa a rubuta ta a allon nan na bango, sama da adadin kujeru.

Na ƙarshe, ina so a yi mini abin da aka yi wa matar Dangoma. A nemo wanda ya yi masa wanka. A gaya mini wa ya zauna kusa da shi, ko ya samu cikawa da kalmar shahada, wa ya sallace shi, wace maƙabarta ce, ko an sa wata alama. Ba zuwa zan yi ba. So nake in san inda zan sa shi a zuciyata in na ɗaga hannu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi na halal, Ya tsare ɗiyan mutane da ke hannunka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan yaron Dangoma, Ya yafe mana baki ɗaya, har da manaja.

An ce ban tambaya da suna ba. Shekara ashirin da uku ban faɗe shi ba, ƙanwata ma da ta zo wurin nan sai da ta ajiye alƙalami ta dube ni. Na ce ta rubuta. Sunansa Haliru. Haliru ɗan Malam Isa na Gwandu. Ɗana ne. Ina tambayarka, Alhaji, ina kuka sa Haliru?

Wassalam.

Hadiza, matar marigayi Malam Isa,
Gwandu, watan ƙaramar Sallah, 1997.