Jirgin Malam Ɗanjuma Ba Bam Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Mai Unguwarmu,
da Shugaban 'Yan Sintirin Unguwa,
Kan hanyar Maikunkele, Minna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'arka baki ɗaya. Ina kuma gaishe da Shugaban 'yan sintiri da yaransa, waɗanda ke hana idonsu barci domin mu samu namu. Allah ya saka da alheri.

Sunana Malama Rabi, ina koyarwa a makarantar firamare. Ni ce matar Malam Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin reluwe, muna haya a gidan nan mai bishiyar mangwaro da ke bayan injin niƙa. Na san ba ɗabi'armu ba ce mace ta rubuta wa Mai Unguwa takarda har a liƙa ta a bango kowa ya karanta. Na je ƙofarka an ce in yi haƙuri, na koma an sake cewa in yi haƙuri. Haƙurin ina da shi, barci ne ba ni da shi. Ba rashin kunya ce ta sa ni wannan rubutu ba, tsoro ne, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ina tsoron a kashe mini miji a kan abin wasan yara.

Na farko, abin da mijina yake haɗawa.

Kowa a unguwar nan ya san tun bayan babbar sallar bara Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da a da in ya fara labarin jirgin ƙasa a majalisa sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu sunana ma sai ya yi da gaske yake fitar da rabinsa. Ma'aikaciyar da ke gasa masa jiki a asibiti ta ce a samo masa aikin da zai riƙa motsa yatsu. Muka gwada tsintar wake, ya ture tiren. Muka gwada carbi, yana ja da hagu yana kallona kamar ni na kawo masa ciwon.

'Yarmu Safiya da ke aure a Kaduna ce ta aiko masa da wani kwali, mijinta ya gani a kanti a Legas ya saya. A ciki akwai sirara-siraran katako marasa nauyi, a jikin kwalin an ce sunan icen balsa, in ka hura shi sai ya tashi. Akwai 'yan guntayen filawud irin na kafinta, da gam, da takarda shara-shara, da farfelar roba, da 'yar waya ta ƙafafun taya, da babbar takarda mai zanen jirgin sama. Babu batir, babu inji, babu mai. Doguwar roba ce ake murɗawa da yatsa, in an saki ta juya farfela. Wannan shi ne dukan abin da aka ce zai tashi filin jirgin Minna.

Ni na riƙa yanka masa da reza, shi yana jera haƙarƙarin fiffike a kan zanen yana kafe su da fil. Da fari fil ɗin zubewa yake yi daga yatsunsa, in tsince in miƙa masa, ya sake zubewa. Ranar da ya kafe ɗaya da hannun dama ba tare da na taimaka ba, fita na yi bayan ɗaki na yi kuka don kada ya gani. Daga nan ya fara riƙe samfefa yana goge katakon, ya fara matsa gam da kansa. Kafin damina ta faɗi har cokali yake kai wa baki.

Na biyu, maganar rufe ƙofa.

An ce wai me ya sa muke rufe ƙofa da taga da rana tsaka, a zafin Minna da ko akuya inuwa take nema. Ranka ya daɗe, katakon nan da takardar nan ko tari ka yi kusa da su sai sun watse. Fanka ma kashe ta muke yi, mu zauna gumi yana zuba. Warin da aka ce ana ji yana fitowa daga ɗakinmu kuwa, wani ruwa ne da ake shafa wa takardar don ta ɗame, warinsa irin na masu fentin mota.

An kuma ce wai ina korar 'yan dubiya, ina cewa Malam yana barci alhali ana jin ƙarar goge-goge a ciki. Wannan gaskiya ne, na faɗa, kuma na san a wurinmu ƙofar marar lafiya ba a rufe ta. Amma ku tambayi kanku dalili. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ba ma'aikata umarni, yanzu yawu yana zubo masa bai sani ba, a shigo a same shi da gemu fari yana liƙa abin wasan yara? Da ido ya roƙe ni kada in bari a gan shi. Na rufa wa mijina asiri, ban san asirin da na rufa shi za a kira makirci ba.

Na uku, abin da ya faru ranar Talata bayan la'asar.

Ina makaranta wurin darasin yamma aka zo aka ce in yi maza gida. Tun daga injin niƙa na hango jama'a, har da waɗanda ban taɓa gani a unguwar ba. Na ga sanduna, na ga adda, na ga wani saurayi riƙe da tsohuwar taya. Ranka ya daɗe, na san abin da ake yi da taya a irin wannan taro, kai ma ka sani. Na kutsa cikin jama'a na shiga gidan.

Na tarar yaran sintiri sun ɓalle ƙofa. Malam yana ƙasa, zaninsa ya kwance, ya rungume jikin jirgin a ƙirji. Ana ta daka masa tsawa ya faɗi wanda ya aiko shi, shi kuwa bakinsa yana motsi ba abin da ke fita sai yawu. Ina jin wani yana cewa a ga taurin kai, ya ƙi magana, an horar da shi. Na yi ihu na ce ba ya iya magana, muryata ba ta kai ko'ina ba.

Wadda ta tsaya tsakanin mijina da mutanen nan ita ce maƙwabciyarmu Maman Gloria, 'yar wajen Kafanchan da ke soya ƙosai a bakin titi. Ta tare bakin ƙofa da jikinta, matsamin ƙosai a hannu, tana cewa da Hausarta: "Wannan Baba ko kofin shayi ba ya iya ɗauka, shi ne zai yi bam? Wanda zai taɓa shi sai ya fara da ni!" Ita da danginta suna cikin waɗanda suka fi kowa fargabar zuwa wurin ibada a wannan lokaci, amma ita ta tsaya. Waɗanda Malam ya yi sahu ɗaya da su shekara da shekaru suna daga baya suna leƙe. Ba zan kira suna ba, sun san kansu, ni ma na gan su.

Aka fizge jirgin daga hannunsa, aka sa a kan shebur, mutum ɗaya ya ɗauka yana miƙe hannu jama'a na darewa, aka tsoma shi cikin duron ruwa na masu bulo wai a kashe shi. Aikin wata da watanni ya narke a cikin duro kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Ban ce tsoronku ba shi da dalili ba. Kullum a rediyo sai an ji abu ya tashi a wani gari, muna kusa da filin jirgi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ma ina da 'ya'ya, ni ma gabana faɗuwa yake yi in na ga jaka ba mai ita a kasuwa. Da an turo dattijo ɗaya ya yi sallama ya ce Malama me kuke yi a ɗakin nan, wallahi da na buɗe masa ya gani, har ruwa in ba shi.

Na huɗu, kuma wannan ne ainihin kukana.

Washegari, Shugaba, kai da kanka ka kira ni gefe a ƙofar gidan Mai Unguwa. Ka ce kun tsamo abin kun duba, katako ne da roba, ba komai a ciki. Ka ce a yi haƙuri, kuskure ne, amma a bar maganar a nan, don in aka faɗa a fili yaranka za su zama abin dariya, gobe in sun ga abu na gaske ba wanda zai saurare su. Mai Unguwa yana zaune yana ji, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

To ni ban gane wannan rabon ba. An zarge shi a gaban unguwa duka, an wanke shi a gefen katanga, a kunnen mace ɗaya. Magana zarar bunu ce, kun zare ta a bainar jama'a, yanzu kuna so ta koma a ɓoye. Mutanen da suka zo da adda ba su ji abin da ka faɗa mini ba. Abin da suka sani shi ne an kama abu a ɗakinmu, an jiƙa shi, sannan aka yi shiru. A wurinsu shirun nan yana nufin mun sayi bakinku.

Na biyar, halin da muke ciki yanzu.

Labarin ya yi ƙafa. Wata malama da muke aiki tare ta ji a motar Chanchaga ana cewa an kama wani tsoho a wajen Maikunkele da jirgi mai ɗauke da bam, ba ta ma san mu ake nufi ba. A Sabon Gari an ce jiragen uku ne. Iyaye sun janye 'ya'yansu daga darasin yamma da nake yi. Bafulatanar da ke kawo mana nono tun kafin ciwon Malam, yanzu in ta zo daidai ƙofarmu sauri take ƙarawa. An jefi kwanon ɗakinmu da dutse. Mai gidan haya ya aiko a ce mana mu fara neman wani wuri, wai sauran 'yan haya hankalinsu bai kwanta ba. Maman Gloria ma an fara ƙin sayen ƙosanta.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da labarin zai kai kunnen jami'an tsaro masu bindiga. Su ba za su tsaya tambayar Mai Unguwa ba. In suka jefa Malam a bayan mota, wa zai gaya musu ba ya magana? Wa zai ba shi maganin hawan jininsa? Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai in tashi in leƙa. Ina cikin aji ina rubutu a allo, in na ji hayaniya a titi sai in ajiye alli in nufi taga, yara suna kallona. Na fara kulle shi ta waje in zan fita, sai kuma in tuna da taya da ashana, in dawo da gudu in buɗe. Ban san wanne ya fi ba, in kulle ko in bari.

Saboda haka ina roƙo, da girmamawa:

Ɗaya, ranar Juma'a bayan an idar da salla, Mai Unguwa ya miƙe a gaban jama'a, Shugaban 'yan sintiri yana gefensa, a kira sunan Malam Ɗanjuma a faɗi abin da aka faɗa mini a gefen katanga. A aika a faɗi haka a cocin unguwa ranar Lahadi.

Biyu, a kira mai gidan hayarmu a yi masa bayani.

Uku, a ja kunnen matasa, duk abin da ya sami mijina ko Maman Gloria, a san cewa an riga an faɗa muku a rubuce.

Ba na neman a biya ƙofa, ba na neman a biya jirgi, ba na neman a hukunta yaron kowa. Yaranku su ci gaba da aikinsu da mutuncinsu. Dariyar da kuke gudu a yi musu kwana kaɗan za ta yi ta wuce, abin da nake gudu in ya faru ba ya gyaruwa.

Fiffike ɗaya ya tsira, yana ƙarƙashin katifa ana danne shi don ya miƙe lokacin da aka shigo. Jiya da rana ina hura wuta, Malam ya jawo jiki ya fito da shi, ya miƙo mini, ya nuna murhu. Na ce a'a. Ya sake nunawa, hawaye yana bin gefen bakinsa. Tun ranar Talatar nan bai ƙara ɗaga hannun dama ba sai jiya, kuma don ya ba ni aikinsa in ƙona ne.

Ban ƙona ba. Ranar Juma'a zan zo ƙofar masallaci da shi a hannuna, in tsaya inda kowa zai gan ni. In kun yi magana, alhamdu lillahi. In ba ku yi ba, ni zan ɗaga shi in faɗa da bakina, ko da ban san abin da jama'a za su yi mini ba. Ina roƙonku don Allah kada ku bar ni ni kaɗai a wurin.

Allah ya ja zamanin Mai Unguwa, ya ba shi ikon faɗin gaskiya a inda za a ji ta. Allah ya tsare 'yan sintirinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuma sa kada ɗayanku ya ga ranar da zai buɗe baki ya kare kansa magana ta ƙi fita.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa da fargaba,
Malama Rabi, matar Malam Ɗanjuma.