Jakar Wout a Kan Sandar Tuta

Litinin, 27 ga Mayu
Yau ma faranti uku. Tun da yayana Wout ya gaya wa Baba ba zai gaji shanu ba, ya koma wurin Kaka, ba a kiran sunansa a tebur. Da can "Wout ɗinmu" ne a bakin Baba. Yanzu "wancan yaron". Na ci dankalina. Ban ji komai ba.

Alhamis, 30 ga Mayu
Ruwa. Na je makaranta a keke, na dawo a keke.

Lahadi, 2 ga Yuni
Gidan Kaka. Wout ya ja min gashi. "Fenna, har yanzu ba ki koyi magana ba?" Ya tambayi saniyarmu mai ciki. Bai tambayi Baba ba.
Kaka ta ce in Wout ya ci jarrabawar gama makaranta, a ina za a fitar masa da tuta a rataya jakarsa, kamar yadda ake yi a garin nan? Ita a bene take, ba ta da sanda.
"A wuyanki, tsohuwa," in ji shi. Suka yi dariya. Ni bango nake kallo.

Laraba, 12 ga Yuni
Wout ya ci jarrabawar.
Gida biyu a layinmu sun fitar da tuta, jakunkuna na lilo. Namu ƙarfen saƙala tuta ne kawai a bango. Da aka tashi daga makaranta na biya gidan Kaka, na ɗauko jakar, ban gaya wa kowa ba. Ban san dalili ba. Na ajiye ta a ƙofar garke.
Baba ya tsallake ta. "Kayan wa a hanya?"
Na wuce cikin gida.

Alhamis, 13 ga Yuni
Da safe tuta a bangonmu. Jakar a karkace, an ɗaure ta da igiyar ciyawa.
Tsoho Verhoeven, maƙwabcinmu, ya leƙo ta shinge. "Harrie, da tsufanka ka ci jarrabawa?"
Baba bai ɗago daga bokiti ba. "Ta Wout ɗinmu ce."
Sai ya hau ni da faɗa wai na bar keke a ruwa.
Da yamma na jera tebur. Faranti huɗu. Kuskure ne, ina jin. Mama ta kalla, ta sa cokali a gefensa.