Masu Dubiyar Mudassir

Laraba, 10 ga Yuli

Yau aka sallamo ɗana Mudassir daga asibiti a Bici. Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi, amma ciwon yana nan a ƙwauri, baki buɗe. Fartanya ce fa kawai. Yana noman gero ta goce ta sare shi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, shi ga namiji. Sai da ƙafar ta kumbura kamar turmi sannan ya faɗa. An ce mu riƙa kai shi wankin ciwon duk Talata. In ya haɗe, shi ke nan. In bai haɗe ba, sai Kano. Ban tambayi abin da za a yi a Kano ba.

Na dawo da shi ɗakina daga ɗakin samari. Malamarmu ta yaƙi da jahilci takan ce abin da ya tsaya wa mutum a maƙogwaro ya sauke shi a takarda. To ga shi ina saukewa.

Juma'a, 12 ga Yuli

Gida cike da 'yan dubiya. Takalma a ƙofar ɗaki har babu wurin sa ƙafa. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ashe muna da mutane. Kowa ya shigo, "Ya jiki?" shi kuma, "Da sauƙi." Da la'asar muryar ta shige, sai ɗaga kai.

Litinin, 15 ga Yuli

Gwaggo Kulu, yayar Malam maigidana, ba ta fashi. Kullum da ƙwaryar fura, ta zauna a bakin gado da goronta. Yau take cewa irin wannan ne ya kama Sama'ilu na Rimin Gado, ɗan ƙawarta. "Shi ma ɗan sara ne, bai kai wannan ba ma. Sai ga shi an dawo da shi da sanda, ƙafar wando ɗaya a naɗe." A gabansa. Ta rufe da Allah ya kiyaye, muka ce amin.

Ban iya cin tuwo ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Ya juya wa duniya baya. Fuska ga bango, yini guda. Yaron da in ana ƙwallo a rediyo ba a jin kiran salla saboda ihunsa, yau an kunna ya ce a kashe. Abokansa sun kira waya, ya tura ta ƙarƙashin filo. Furera maƙwabciyata ta so ta tsokane shi: "Kai ango, tashi mana, 'yan matan unguwa na cewa ko ka auri nas ne a Bici." Ko murmushi.

Mata sun fara ƙus-ƙus. Wannan ta ce iska, waccan ta ce baki ne, yaron ya cika ƙwazo a gona. Malam ya karɓo rubutu, ya sha. Ni dai hannuna ba ya barin goshinsa. Babu zafi. To in babu zafi, mene ne?

Talata, 23 ga Yuli

Wanki. Ciwon yana nan yadda yake.

Talata, 30 ga Yuli

Yau likitan da kansa ya duba, wani matashi, Najib. Ya daɗe yana kallon fuskar Mudassir fiye da ƙafar. Na ce masa maganar iska. Bai yi mini dariya ba. Bari in rubuta abin da na riƙe kafin ya zube.

Ya ce akwai sojoji a cikin jini masu yaƙi da ciwo. In suna yaƙi sukan aika saƙo sama, ga ƙwaƙwalwa, wasu 'yan sinadarai da ido ba ya gani. Saƙon kuwa shi ne: kwanta, bar abinci, bar mutane. Shi ya sa mai zazzaɓi ba ya son hira. Ya ce wannan rahama ce, don jiki ya tara ƙarfi.

Sai kuma wani sinadarin da jiki ke saki in mutum ya tsorata. Ya faɗi sunansa da Turanci, bai zauna mini ba. Cikin aikinsa har da ce wa sojojin nan ya isa haka, ku lafa. Amma in tsoro ya zama na safe da yamma, sai su saba da muryarsa su daina ji. "Kamar yaran da ake yi wa tsawa kullum, Mama." Sai kumburi ya ƙi sauka, ciwo ya yi nawar haɗewa, saƙon kwanta ya yi ta zuwa ƙwaƙwalwa. Na kwance kuma ba shi da aiki sai tunani, tsoron ya ƙaru. Wannan na tura wancan.

Ya tambayi Mudassir me yake ji a gida. Na ɗauka ba zai amsa ba. Sai ya ce, "Kowa ya zo da nasa wanda aka yanke wa ƙafa."

Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka, na manta.

Likita ya ce magani da wanki suna nan, ba a fasa ba, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Amma a rage masa mutane. Ya kalle ni. "Har da ke, Mama, a ɗan sassauta."

Laraba, 31 ga Yuli

Na faɗa wa Malam. Ya ce likita ba a garin nan yake kwana ba. "Wa kika taɓa ji ya hana dubiya? Ranar da muka faɗi, su za su ɗauke mu." Gaskiya ya faɗa. Gonarmu ma da ta tsaya, gayya aka yi aka nome ta, kuma mazan matan nan ne suka yi.

Lahadi, 4 ga Agusta

Na gwada ta gefe. Na ce wa Gwaggo likita ya ce yana bukatar hutu. Ta ce ai hutun yake yi, noma muka sa shi? Ta shige.

Ɗakin ya cika har ana zama a dokin ƙofa. Yau labarin wani ɗan dako ne a Dawanau da ƙusa ta soka.

Talata, 6 ga Agusta

Wanki. An ce in mako mai zuwa da na bayansa ba a ga canji ba, za a tura mu Kano. Muka kamo hanyar gida a mota. Gero ya yi kore shar hagu da dama, har ya kusa rufe mutum, shi ko kallo bai yi ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na shiga da kunu, na tsuguna in ɗan ɗaga bakin bandejin in leƙa, yadda nake yi. Bai juyo ba. Ya ce, "Inna, in kin shigo kina kallon ƙafar nan, sai in ji kamar an riga an yanke."

Na fito da kunun a hannu. Na tsaya a bayan rumbu har ya huce.

Ni da na ɗauka tsaronsa nake yi.

Asabar, 10 ga Agusta



Da hantsi ina tsinkar zogale a tsakar gida na ji sallama, da wani ƙwas, ƙwas a ƙasa. Gwaggo ce, a bayanta wani mutum da sandar guragu, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Sama'ilu. Takanas ta aika aka ɗauko shi daga Rimin Gado. Fuskarta fal murna. "Na kawo masa shi ya gani da idonsa, ana rayuwa haka ma. Ga shi har da 'ya'ya." Don Allah ta yi, na sani.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganina na yi a ƙofar ɗaki, faranti a hannu, na cika ƙofar.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ba za a shiga ba."

"Barci yake?"

Da na ce i, da an rabu lafiya. Na ce idonsa biyu.

Ta ce lada zan hana su? Ta ce ita ta yi wa yaron nan wanka tun ban san yadda ake riƙe jariri ba. Ta ce boko ya shiga gidan ƙaninta ta ƙofar baya. Furera ta leƙo ta katanga. Ni dai ina tsaye a ƙofar.

Sama'ilu ne ya yi magana, a hankali. "Bar ta, Gwaggo. Ni da na sami mai tare mini ƙofa lokacin, da na gode." Ya ce in gaishe da mai jiki. Na ba shi ruwa, ya sha a tsaye.

Gwaggo ta tafi da furarta.

Lahadi, 11 ga Agusta

 Malam bai ci tuwona ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Babu takalmi ko ɗaya a ƙofa. An yi suna a gidan su Furera, ba a aiko mini ba, sai guɗa na jiyo. A rijiya na gaida mata, suka amsa a gajarce suna kallon guga. Gidan shiru kamar an yi ƙaura. Wani lokaci sai in ce na ɓata da dangi a banza, ƙafar kuma a yanke ta duk da haka.

Shekaranjiya a wanki ba a ce ya haɗe ba. An dai ce bai ƙaru ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Gobe ne za a ce Kano ko a'a.

Gwaggo har yau ba ta tako ba. Na aika mata da zogale, ta karɓa, ba ta ce a gaishe ni ba.

Da yamma ina tankaɗe, na ji motsi a bayana. Shi ne, ya dafo bango ya fito, ya zauna a kan turmi da ƙafar a miƙe. Ya rame, wuya kamar na zakara. Ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Inna, geron bayan gari ya fitar da kai kuwa?" Na ce ya fara. Ya ce wake fa? Na ce sai ka tambayi babanka. Ya ce ko akwai sauran ɗumame.

Na zuba masa. Ya ci rabi.

Ban ce ya warke ba, kada in ja wa kaina. Ƙafar tana nan dab da ni, da na miƙa hannu zan taɓa bandejin. Garin dai ya yi tsaki da yawa yau, sai da na maimaita tankaɗen, ban sami sukunin dubawa ba.